FILIN MATA: Zaman Nana Asma'u da Waziri Giɗaɗo

Na san yanzu hannun kowa a cike ya ke, ana ɓarar masara, ana yankan dawa, ana cirar auduga, 'yan makaranta kuwa suna fama da karatun jarrabawa. Allah ya sa wa aikin kowa albarka, amin.

Kaka lokacin buki ne. Da hatsi ya shiga rumbu, kuɗi suka shiga aljihu, sai ka ji guɗa ta ko'ina, yau a kai amarya wannan unguwa, gobe a kai wata waccan. Abin farin ciki ne ƙwarai. Amma ku da kanku kun sani, wani auren da aka yi wa guɗa da kaka, kafin ruwan shuka ya sauka an zo an kwashe kayan ɗaki. Saboda haka a wannan mako na ga ya kamata mu bar zancen lefe da gara tukuna, in ba ku labarin wata mace da mijinta waɗanda suka yi shekara arba'in da 'yan kai suna tare, mutuwa kaɗai ta raba su. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Sunan Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ba baƙo ba ne a kunnenku. Makarantun 'yan mata da yawa da sunanta a ke kiransu, wataƙila ma wata mai karanta wannan fili sunan ta ci. Amma in na tambaye ku sunan mijinta, da yawa za ku yi shiru. To, sunansa na yanka Usmanu, amma an fi saninsa da Giɗaɗo ɗan Laima. Giɗaɗo kalmar Fillanci ce, ma'anarta abin ƙauna. Shi ne Wazirin Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma aminin Bello ne tun kafin sarauta.

AMARYAR ZAMANIN HIJIRA

An haifi Nana a Ɗagel wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada da sunan 'yan biyu za a kira ta, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyadina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Nana tana 'yar ƙarama, sauran matan Shehu suka ɗauke ta suka rene ta. Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Yarinyar da yau duniya ke alfahari da ita, abokan zaman uwarta ne suka goya ta, suka yi mata tarbiyya. Duk wadda ke riƙe da ɗan kishiya a ɗakinta, ta tuna da haka.

A shekarar 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, sa'an nan Nana tana da kamar shekara 11. Daga nan yaƙi ya ɓarke. Aka ci nasara a Tafkin Kwatto, aka sha wuya a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. Jama'a suka yi ta ƙaura da mata da yara, ga yunwa ga cuta, suka bi ta ƙasar Zamfara, har suka sauka Gwandu a 1805. A cikin wannan hali ne aka ɗaura auren Nana da Giɗaɗo a 1807. Alƙalawa, birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Sakkwato kanta Bello bai kafa ta ba sai 1809. Watau ranar da aka kai Nana ɗaki, garin da za ta yi zaman aure a cikinsa ko ganuwa bai samu ba tukuna.

Ba sai an faɗa muku ba, mutanen da suka baro gidajensu da abin da kai zai iya ɗauka ba su da halin jere ko gasar kayan ɗaki. Ina faɗin haka ne musamman saboda 'yan'uwanmu na ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a 'yan shekarun nan, suka zo suka raɓe a ɗaki guda a cikin gari. Ke da ki ke cikin wannan hali, kada ki ɗauka darajar aurenki ta tafi tare da gadon da ki ka baro. Auren da mu ke labarinsa yau a kan hanyar gudu aka ƙulla shi, ga shi bayan shekara fiye da 200 muna ambatonsa.

AURE BAI RUFE ALLO BA

'Yan makaranta, na san kun riga kun yi lissafi, kun ga Nana tana da kamar shekara 14 aka yi mata aure. Haka a ke yi a wancan zamani. Abin da na ke so ku riƙe shi ne abin da ya biyo baya. Shiga ɗakin miji bai sa ta jingine allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a ilmin addini, tana jin Larabci da Fillanci da Hausa da harshen Buzaye. A 1820, tana da kamar shekara 27, ga miji ga ɗawainiyar gida, ta rubuta littafinta Tanbihul Gafilina da Larabci. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta, waƙoƙinta da littattafanta da aka tattara sun kai wajen 60.

To, ku tambayi kanku, a gidan wa ta yi wannan aiki duka? A wancan zamani takarda ba a kanti a ke sayenta ba, daga Turabulus ta ke zuwa a bayan raƙumi, da tsada. Rubutu kuwa yana son lokaci da kwanciyar rai. Da Giɗaɗo irin mazan nan ne masu jin haushi in an yabi matarsu, da ya sami hanya ɗari ta hana ta. Amma shi kansa malami ne, ya kuma san abin da surukinsa ya koyar. A cikin littafin Nurul Albabi, Shehu ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida, ya nuna cewa ilmantar da su wajibi ne a kan maigida. Giɗaɗo ya ɗauki wannan magana ya yi aiki da ita a cikin gidansa.

Saboda haka ke yarinya, in manemi ya zo, kafin ki tambayi irin babur ɗin da ya ke hawa, ki sa a tambaya miki ra'ayinsa game da karatunki. Ke kuma uwa, in ana maganar sadaki da ranar buki, ki sa baki a yi maganar makaranta tun a zaure, gaban waliyyai, kowa ya ji. Alkawarin da aka yi a gaban manya ya fi wanda aka raɗa a dandali ƙarfi.

GIDAN WAZIRI

Shekarar 1817 ta zo wa Nana da nauyi. A cikinta Shehu ya rasu, a cikinta kuma ɗan'uwan tagwaicinta Hasan ya rasu. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Aikin Waziri kuwa ba na zama wuri ɗaya ba ne. Shi ne idon Sarkin Musulmi a kan ƙasashe irin su Kano da Zazzau, shi ke kai saƙo, shi ke sulhunta rigima. Tafiyar da yau mota ke yi a yini ɗaya, a lokacin sai an yi kwana da kwanaki bisa doki. Matan direbobi da na fatake da na masu zuwa cin rani, kun san irin wannan zama, na maigida ya fita ba a san ranar komowarsa ba. Gida ba ya tsayuwa a irin wannan hali sai da amana ta ɓangare biyu, na tafe ya riƙe, na zaune ya riƙe.

In Waziri yana gari kuma, gidansa masaukin baƙi ne. A 1824 wani Bature mutumin Birtaniya mai suna Clapperton, wanda ya ke kiran kansa Abdullahi, ya iso Sakkwato, aka danƙa shi a hannun Giɗaɗo. Ya sake dawowa a 1826, ya rasu a can a 1827. A littafin tafiyarsa ya yabi Waziri da kirki da karamci. A cikin littafin ne kuma mu ka sami labarin wani baƙin ciki da ya faɗa wa gidan. A 1824, Baturen yana gari, ɗan da Waziri ya haifa da 'yar'uwar Sarkin Musulmi, yaron da ya ke ji da shi ƙwarai, ya kamu da ciwon agana ya rasu.

Ku tsaya nan kaɗan, 'yan'uwa. 'Yar Shehu ce, matar Waziri ce, 'yar'uwar Sarkin Musulmi ce, duk da haka an ɗauki gawar ɗanta an fita da ita tana kallo. Babu abin da ke gwada aure kamar mutuwar ɗa. A nan ne shaiɗan ke samun ƙofa, miji ya ce sakacin mata ne, mata ta ce rowar miji ce, dangi su ce hannun kishiya ne, a tafi wajen boka a ƙaro wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nana da Giɗaɗo sun yi shekara fiye da 25 tare bayan wannan rashi. Wadda Allah ya jarraba da irin wannan, ta kama bakinta a kwanakin zafi, maigida ma ya kama nasa, gama maganar da aka yaɓa a ranar makoki ba ta wankuwa da wuri.

Wani abin godiya kuma, ciwon da ya ɗauki ɗan Waziri yau babu shi. Kakanninku suna tuna zamanin masu lamba, da yadda a ke ɓoye yara a rumbu in an ji sun shigo gari. Da wannan lambar Allah ya kawar da agana, har a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Abin da Nana ba ta samu ba ke kin samu. In an zo rigakafin ƙyanda ko na shan inna, fito da yaranki.

'YAN TARU

Da karatun Nana ya shahara, sai ta lura da matan ƙauye, waɗanda ba su da malami kusa, da yawansu kuma ba su rabu da bori ba. Matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki neman ilmi. Sai Nana ta yi dabara. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji ta kan taho Sakkwato da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su zauna gaban Nana su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kyawawan halaye. In sun koma gida su bi ɗaki ɗaki suna koya wa matan aure. Su ne a ke kira 'yan taru. Su kan zo da 'yar sadakarsu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, Nana ta rarraba wa mabukata.

Wannan ayari a gidan wa ya ke sauka? A gidan Giɗaɗo. Ku da ku ke fama da tukunya kun san abin da baƙi goma ke yi wa rumbu, balle ayari bayan ayari, shekara da shekaru. Mace ba ta iya buɗe ƙofar gida haka sai da yardar mai gidan. Ladan 'yan taru na Nana ne, amma wanda ya bar ƙofa a buɗe ba ya rasa rabonsa. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin, yau har a Amurka akwai mata Musulmi da suka ɗauki sunan 'yan taru suna koyi da ita.

SHI YA NOMA, ITA TA KAƊA

A 1837 Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno. Nana ta rasa ɗan'uwan da ta fi shaƙuwa da shi, Giɗaɗo ya rasa amininsa kuma ubangidansa. Rashi ɗaya ya same su tare. Suka duba suka ga waɗanda suka ga Shehu da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yara masu tasowa kuwa sai labari. Sai mata da miji suka ɗaura ɗamarar adana tarihin. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinani a kan Shehu, da Alkashfu wal Bayani a kan Bello, da Larabci, domin malamai. Nana kuwa ta tsara tarihin hijira da jihadi a waƙe da Fillanci, ƙanenta Isa ya juya shi da Hausa, shi ne a ke kira Waƙar Gewaye, domin mace tana daka tana rerawa, wadda ba ta iya karatu ba ma ta riƙe.

Mu mutanen ƙasar auduga wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Maigida ya nome auduga ya kawo gida, uwargida ta gurje, ta shiɓe, ta ɗauki mazari ta kaɗa zare, a kai wa masaƙi, a sami zanen rufa. In babu manomi mazari ba shi da aiki, in babu mai kaɗi auduga ba ta zama tufa. Haka waɗannan bayin Allah suka raba aiki, ba wanda ya ce nasa ya fi.

A 1842 tsufa ya kama Giɗaɗo, ya sauka daga aiki, ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri. Wajen 1850 Allah ya yi wa Giɗaɗo rasuwa, bayan zaman shekara arba'in da 'yan kai. Nana ta yi masa marsiyya da Fillanci. Abin da ta lissafa a ciki halinsa ne, karamcinsa ga baƙo, da riƙon zumunci, da ɗawainiyar iyalin Shehu da masallaci. Ke da ki ke karanta wannan, tambayi kanki, ranar da aka raba ku, me za ki tuna? Maigida kuma, in kana leƙen filin matan nan ta bayan kafaɗar uwargida, kamar yadda na san wasunku na yi, tambayi kanka abin da za a lissafa maka.

Nana ta yi shekara fiye da goma bayansa tana koyarwa tana rubutu, ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Sarautar Waziri ta zauna a gidan Giɗaɗo. Jikansu Muhammadu Buhari shi ne Waziri sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ɗan Buhari kuwa shi ne Waziri Junaidu, babban malamin tarihi, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997. A wurinsa takardun Nana suka tsira, daga nan wata Baturiya, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta yi nazarinsu ta buga tarihin Nana a 1989. Ashe zaman lafiyar ɗaki ɗaya yana iya ciyar da zuriya har jikan jika.

NAMU NA GIDA

Wata za ta ce, ai wannan 'yar Shehu ce, mu talakawa ina mu ina su? To, ɗaga labule ki duba unguwarku. Da wuya a rasa tsoho da tsohuwa da suka yi shekara 50 ko fiye a ɗaki ɗaya. Ba a rubuta su a littafi ba, amma ku lissafa abin da suka gani tare. Waɗanda aka ɗaura wa aure wajen 1960, da fam da sule aka biya sadakinsu, suna tare aka canja kuɗi zuwa naira a 1973. Suna tare farin 1973 ya zo, dawa ta bushe a tsaye, aka koma auna tuwo da ido. Sun ga zamanin da a ke kai auduga fuloti a kan jaki, injin gurza na Funtuwa da na Malumfashi suna ruri, jirgin ƙasa yana tasowa daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙaurar Namoda. Sun kwana a Jihar Kaduna sun tashi a Jihar Katsina a 1987. Sun yi suna, sun yi jana'iza, wasu sun sayar da sa sun sauke farali tare. Kafin su kuwa akwai waɗanda suka tafi Makka a ƙasa, mata da miji, ta Barno da Sudan, suna tafe suna ƙwadago, su yi shekaru kafin su komo.

In kin zauna da irin waɗannan tsofaffi za ki ga ba wai ba su taɓa saɓawa ba ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa, harshe da haƙori ma su kan yi. Wata ta yi yaji ba sau ɗaya ba, aka yi biko ta komo. Abin da za ki tarar a wurinsu shi ne rufin asiri. Shekarar da rumbu ya yi ƙasa, ta sayar da akuyarta ko ta fasa adashinta ta sayo hatsi, maƙwabta ba su ji ba. Shekarar da ta kwanta ciwo, ya ɗauke ta a keke zuwa asibiti, bai ce ta tafi gidansu ta warke tukuna ba. Da asuba wanda ya riga tashi ya ta da ɗan'uwansa salla. Ba su kai ƙarar juna bakin rijiya ko majalisa.

Kada kuwa wani ya ɗauki wannan magana ya mai da ita sanda. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ana ce wa mace ta yi haƙuri, a ce wa namiji ya ji tsoron Allah. Ci da sha da sutura da wurin kwana da kyakkyawar mu'amala hakki ne da shari'a ta ɗora masa. Wadda a ke duka, ko aka bar ta da yunwa ita da 'ya'yanta, ba a ce ta yi shiru har ta lalace ba. Ta gaya wa waliyyinta, a kira manya, in abin ya faskara ga alƙali nan. Daɗewar da mu ke yabo ita ce wadda aka yi da mutunci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shekara 25 da Nana Hadiza, bayan rasuwarta kuma bai daina ambatonta da alheri ba, har ƙawayenta ya kan aika wa da kyauta. Wannan shi ne ma'auni.

AIKIN HUTU

Yanzu ga aikin da zan ba 'yan makaranta. Da Giɗaɗo da Nana ba su zauna sun rubuta abin da suka gani ba, da yawancin labarin Shehu ya bi iska. Ku ma kuna da naku tarihin a cikin gida, yana zaune a kan tabarma yana jan tazbaha, kuma ba zai daɗe yana jiranku ba. In an ba da hutu, ki sami sabon littafin rubutu, ki sayi goro ko ɗan ƙulli na alewa, ki tafi wurin kakanninki. Ke jika ce, kina da ikon wasa da su wanda uwarki ba ta da shi. Ki tsokani tsohon da mijinki, ki tsokani tsohuwar da kishiyarki, in dariya ta sauka sai ki fara tambaya.

Ki tambaye ta a wane gari aka haife ta, wa ke sarauta a lokacin, nawa ne sadakinta, me aka jera mata a ɗaki, a kan me aka kai ta. Ki tambaye ta wace shekara ce ta fi wuya, da abin da suka ci a cikinta. Ki tambayi tsohon gonar da ya fara nomawa, da malamin da ya yi karatu a wurinsa, da abin da kakarki ta taɓa yi masa wanda bai manta ba. Ki rubuta sunayen 'ya'yansu duka, har waɗanda suka rasu suna ƙanana, gama uwa ba ta manta su ko kowa ya manta. Kada ki matsa mata ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta, kin san alkunya ba za ta bar ta ba, wannan ki tambayi baffanki. In gidanku akwai waya mai ɗaukar murya, ki nemi izininsu ki ɗauka, amma duk da haka ki rubuta, don waya ta kan lalace. Abin da suka ce sirri ne kuwa, ki bar shi a cikinki.

Ku kuma matan aure, ga naku. In ɗaya daga cikin irin waɗannan tsofaffi ya riga ɗan'uwansa, gida ya kan cika ranar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, daga nan kowa ya watse. Tsohuwa kuwa takabarta wata huɗu da kwana goma ce, kewarta kuma ba ta da adadi. Wadda ta yi shekara 50 tana ajiye wa mutum ruwan alwala, hannunta ba ya saurin mantawa. Tsohon da matarsa ta rasu ma haka, sai ki ga ya rasa inda hularsa ta ke, ya rage cin abinci, ba ya faɗa wa kowa. Bayan arba'in ɗin nan ne su ke bukatarku. Ku leƙa, ku kai ɗan kunu, ku aika jikoki su kwana a ɗakin, ku bar su su yi ta ba da labarin marigayin ko sau nawa ne. Zumunta a ƙafa ta ke.

Wadda ta yi wannan aikin hutu, in kakanninta sun yarda, ta aiko mana da abin da ta rubuta, ba sai ta sa sunayensu ba, za mu zaɓi masu kyau mu buga a wannan fili don sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya jiƙan Nana Asma'u da Waziri Giɗaɗo, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu. Amaren bana kuma Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa mutuwa ce za ta raba. Allah ya mai da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, amin.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wassalam.

Taku,
Uwargida